Tayoyi da Birki ko Sabuwar Salansa: Da Wanne Za a Fara?

Samari da dama a unguwar Aboabo ta Kumasi, Ghana, da suka sayi mota mai giyar hannu, irin su Golf GTI ko Civic Si, sukan tambaye ni inda ya kamata su fara zuba kuɗinsu: tayoyi da birki, ko salansa da buɗaɗɗiyar matatar iska?

Salansa ta fi saurin shiga ido, domin makanike a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, zai ɗaura ta cikin yini guda, motar ta fito tana ruri. Sai dai ƙarfin da take ƙara wa inji kaɗan ne matuƙar ba a sake saita kwamfutar motar ba, kuma buɗaɗɗiyar matata maras inganci tana barin ƙurar hunturu ta shiga inji.

Tayoyi huɗu masu kyau sukan fi tsada, kuma ba wanda zai waiwayo ya kalle su, amma su ne ke riƙe mota a kwana ranar da ruwa ya jiƙa hanyar Accra. A duba lambobi huɗun da ke gefen taya kafin a biya: 2322 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Man birki kuwa yana tsotsar danshi, shi ya sa ake canja shi duk shekara 2.

Wanda bai gama sabawa da kuloci ba, ko yake yawan doguwar tafiya, tayoyi da birki sun fi dacewa da shi. Salansa ta dace da wanda ya riga ya kammala waɗannan, yana kuma da maƙwabta masu haƙuri.