Kwana biyu a gidajen tarihin South Kensington, ban biya ko sisi a ƙofa ba

Zaman jego ne ya kai ni Landan. 'Yata ta haihu, na je na yi mata wata biyu, kuma har aka yi arba'in ban san ko'ina a garin ba sai hanyar asibiti da shagon da muke sayen nama. Da hidima ta lafa, surukina ya ce, "Mama, ya kamata a zaga da ke gari kafin ki koma." Ya jero wurare, kowanne da kuɗin shigarsa, wasu idan ka juya kuɗin zuwa naira sai gabanka ya faɗi. Na ce masa ni wuri ɗaya nake so. Shekara 31 na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandaren 'yan mata a jihar Katsina, kuma tun ina ɗaliba nake ganin hoton Natural History Museum, gidan tarihin halittu da ke unguwar South Kensington, a littafi. Ya ce, "Ai wannan kyauta ne, Mama."

Ban gaskata ba sai da na tsaya a bakin ƙofa. Tikiti ake yanka ta intanet, ka zaɓi rana da lokaci, kuma tikitin ba a biyan komai. Wanda bai yanka ba ma yana shiga, sai dai layinsa ya fi tsawo. Ni da babban jikana muka tafi, ɗan shekara 9, wanda nake kira maigidana. Shi ma kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa bai hau kansa ba, don yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta yake shiga idan yana tare da babba. A tashar South Kensington muka sauka, muka bi wata doguwar hanya ta ƙarƙashin titi wadda ke fitar da mutum dab da gidajen. Ranar ana yayyafi da sanyi, na gode wa wanda ya gina ta.

Ginin kansa abin kallo ne. A 1881 aka buɗe shi, jikin bango da ginshiƙai duk siffofin tsuntsaye da birai da ganyaye ne da aka yi da gasasshen yumɓu. Amma kana shiga babban zaure ka manta da bango, saboda abin da ke rataye a saman kanka: ƙasusuwan dabbar teku da Turawa ke kira bulu wel, tsawon mita 25, baki a buɗe, kai ya sunkuyo kamar ta kawo cafka.

Na zana dabbar nan a allo ya fi a ƙirga. Nakan ce wa ɗalibai ba kifi ba ce, haihuwa take yi, tana shayar da ɗanta nono, da huhu take numfashi, kuma ba a san wata dabba da ta taɓa fin ta girma ba. Su rubuta, su ci jarabawa, a wuce wurin. Ranar da na tsaya a ƙarƙashinta, Subhanallah ne kawai ya fito daga bakina, sai addu'ar Annabi Yunus, Alaihis Salam, ta faɗo mini a rai. Na ja maigidana muka hau bene don mu gan ta daga gefe. Na ce ya ɗaga hannunsa ya buɗe yatsu, sannan ya dubi ƙasusuwan abin da take iyo da shi. Ya duba, ya sake duban hannunsa, ya ce, "Kaka, ita ma tana da yatsu!" Darasin da nakan ci mako guda ina yi da alli, yaro ya kama shi cikin minti ɗaya.

A 1891 ruwa ya janye ya bar ta a gaɓar Wexford ta ƙasar Ayalan, gidan tarihin ya sayi ƙasusuwan, kuma a 2017 aka rataye su a wannan zaure aka sa mata suna Hope, wato fata. Dalilin sunan shi ne mafarauta sun kusa ƙarar da irinta kafin a hana kashe su a 1966, yanzu kuma suna ƙaruwa sannu a hankali. A can saman bene akwai yankin gindin wata bishiya daga Kalifoniya da ta rayu fiye da shekara 1,300, kana ganin zoben kowace shekara a jikinta. Gunkin Darwin, masanin da ya kawo ra'ayin juyin halitta, kuma yana zaune a kan matakala. Na koyar da ra'ayinsa yadda manhaja ta tanada, ina kuma riƙe da abin da na yi imani da shi game da halittar Annabi Adamu, don haka na dube shi na wuce.

Ɓangaren dinoso, dabbobin zamanin da da suka ƙare, shi ne ya fi cika, a nan yara ke tururuwa. Akwai wani da aka ƙera yana motsi yana gurnani, jikana ya so shi, ni ban daɗe ba. Wanda ya fi kama hankalina ɗakin girgizar ƙasa ne: an kwaikwayi wani kanti na birnin Kobe na Japan, ka tsaya a ciki ƙasa ta yi ta jijjiga da kai, don ka ɗanɗani abin da ya same su a 1995. Mu da ba mu saba da wannan bala'i ba, Allah Ya ƙara kare mu.

Inda na daɗe, bayan babban zaure, shi ne ƙarshen ɗakin ma'adinai, wani lungu da suke kira Vault. A cikin gilashi akwai wani baƙin dutse da ya faɗo a Tissint ta Maroko a 2011, an rubuta cewa daga duniyar Mars yake. Jikana ya tambaya yadda aka yi aka sani. Na gaya masa cewa a cikin irin waɗannan duwatsu an sami iska da ta maƙale, aka auna ta, ta yi daidai da wadda na'urorin Viking, da aka aika duniyar Mars, suka auna a can a 1976. Sannan na ba shi labarin da ya fi wannan daɗi a wurina. Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami ta ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da shi ya nutse a ƙasa. Shi ma daga Mars yake, kuma duk masanin wannan fanni a duniya ya san sunan Zagami. Ni ban taɓa ganin sunan a littafin da muke koyarwa da shi ba, wani abokin aiki malamin labarin ƙasa ne ya fara ba ni labarin a ɗakin malamai. Yaran da na koyar, da yawansu daga wannan yanki suke. Abin yana damuna har yau.

Da Azahar ta yi, na tambayi wata ma'aikaciya, ta raka ni wani ɗan ɗaki da aka keɓe don ibada. Abinci kuwa namu muka riƙo, dambun nama da burodi da shayi a filas, muka ci a wurin da aka tanada a ƙasa don masu guzuri. Shawarata ke nan ga mai iyali, don abinci a wannan unguwa ba araha. Shawara ta biyu, a guji makon hutun makaranta. Mu a cikinsa muka faɗa, kuma wajen ƙarfe 12 sai ka rantse kasuwar Kwari ce ana jajiberin Sallah. Ana buɗewa ƙarfe 10, mai son sarari ya kasance a ƙofa kafin nan.

Science Museum, wato gidan tarihin kimiyya, yana maƙwabtaka da na halittun a kan titin Exhibition Road, amma ƙafafuna sun gaji, sai da aka kwana biyu muka koma. Shi ma kyauta ne da tikitin intanet, ban da silima da ɗakin gwaje-gwajen yara mai suna Wonderlab, waɗannan biya ake yi. Ba mu shige su ba kuma ba mu ji mun yi asara ba. Mun ga kumbon Apollo 10, ainihin wanda ya kai mutum uku kewayen wata a Mayun 1969 ya dawo da su yana gudun kusan kilomita 40,000 a awa. Ƙanƙantarsa ce ta ba ni mamaki, bai fi ɗan rumbu ba, gindinsa duk a ƙone saboda zafin shigowa sararin duniya. Mun ga Puffing Billy, kan jirgin ƙasa da ya fara jan kwal wajen 1814, kusan shekara ɗari kafin dogo ya iso Kano. A ɗakunan likitanci akwai samfurin funfunar da Fleming ya gano maganin fenisilin daga gare ta a 1928.

Abin da ban zata ba yana ɗakin tarihin sadarwa. Ina cikin tafiya sai ga rumfar buga waya da aka ɗauko daga Kamaru, irin dai wadda muka riƙa zuwa muna biyan kuɗin minti bayan shigowar salula a 2001. Na yi wa jikana bayanin yadda nake bin layi a irinta don in ji muryar uwarsa lokacin tana jami'a. Ya yi ta duban rumfar yana duban wayar da ke hannuna. Na ji daɗi da suka ga rumfar talaka ta cancanci zama ɗaki ɗaya da manyan na'urorinsu.

Kyautar nan ba sadaka ba ce ta wani attajiri. Tun Disambar 2001 gwamnatin Birtaniya ta cire kuɗin shiga manyan gidajen tarihinta, haraji ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyinsu, suna kuma neman gudummawa a ƙofa ba tare da tilastawa ba. Na sa fam 5 a rana ta biyu da zuciya ɗaya. Mutanenmu da yawa suna zuwa Landan su ƙare kwanakinsu a kantunan titin Oxford, su koma da akwatuna, yaransu ba su ga ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba. In da hali, a ware musu ko yini ɗaya ne.

Gidan tarihi na uku, Victoria and Albert, tsallaken titi kawai yake. Minti 40 muka yi a ciki, don in ga dardumar Ardabil da aka saƙa a Iran wajen 1540, wadda ake kunna wa fitila na minti 10 duk rabin awa don kada haske ya kashe launinta. Muna zaune muna jiran fitilar, maigidana ya ce, "Kaka, Zagami tana da nisa da gidanki?" Na ce tafiyar mota ce ta 'yan awoyi. Mun yi alkawari, in Allah Ya kai mu hutun da za su zo gida, kawunsa zai kai mu.