Tafiyar ƙafa zuwa ƙasar Borgu: a wace siga ya kamata a riƙe kuɗin kashewa?

Sau biyu na bi ayarin 'yan koli daga Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, muka tsallaka Jamhuriyar Benin, muka ratsa Segbana da Kalale da Nikki da Ndali har zuwa Jugu. Tafiyar ta haura kilomita 300, kuma takan ci mako uku zuwa huɗu saboda ana tsayawa cin kasuwanni. Daga Nikki zuwa Jugu sawun fataken dā muka taka, waɗanda suke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro, suna ɗora kanwa da tufafi a kan jakuna, suna yankar kaɗan daga kayan a kowane zango domin abinci da fito. Mu da ba mu da jakuna, tambayar da matasa suke yawan yi mini a Birnin Kebbi da Jega ita ce, a wace siga mutum zai riƙe abin da zai ci da shi kullum. Hanyoyi shida ake bi, kuma tun yanzu ina faɗa cewa ɗaya ce kawai na yarda in ɗora cikina a kanta.

Naira ita ce ta farko da za a cire daga lissafi. Ana karɓarta a garuruwan bakin iyaka, amma da zarar an nausa ciki, duk wanda ya yarda ya karɓa shi ne zai yanka mata farashi. Ban da haka, tun da aka saki darajarta a watan Yuni na 2023 ba ta zauna wuri ɗaya ba, har a 2024 sefa 1,000, wato kuɗin da ake kashewa a Benin, ta haura naira 2,000, alhali sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999. Wanda ya riƙe naira yana tafiya guzurinsa yana zagwanyewa a aljihu. Dalar Amurka kuwa mai ƙosai a Kalale ba ta san ta ba. Katin banki ma bai cancanci dogon bayani ba: na'urar cirar kuɗi sai a manyan garuruwa irin su Kandi da Paraku da Jugu, kuma bankunan Nijeriya da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a ƙetare a 2022, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka.

Asusun waya, wato MTN MoMo ko Moov Money na Benin, ya fi waɗannan amfani nesa ba kusa ba, domin kusan kowane gari mai kasuwa yana da rumfar cirar kuɗi. Sai dai dole ne a sayi layin can a yi masa rajista da takardar shaida, ana cire lada a kowace cira, kuma a ranar da ba ta kasuwa ba mai rumfar yakan ce ba shi da tsaba. Mai tafiyar ƙafa kuma yakan yi kwana biyu bai ga inda zai sa cajin waya ba. Ni ina ɗaukar asusun a matsayin rumbu, ana buɗe shi sau ɗaya a mako. A kuma tuna cewa tun daga 30 ga Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin sun koma guda goma, suna farawa da 01, saboda haka wanda zai yi maka aike daga gida ya gyara lambar da ya ajiye. Hanya ta biyar ita ce ta iyaye da kakanni: ka ba wani ɗan kasuwa naira a Kamba ko Bagudo, ka karɓi sefa a hannun maigidansa a zangon Nikki ko Jugu. Tana da kyau matuƙa ga wanda ya daɗe da sanin mutanen biyu, amma baƙon da aka haɗa shi da su jiya ya haƙura da ita.

Abin da na zaɓa, kuma nake zaɓa wa duk wanda ya nemi shawarata, shi ne tsabar sefa ƙanana, a canza ta gaba ɗaya kafin a bar bakin iyaka. Dalilin yana cikin irin sayayyar da mai tafiyar ƙafa yake yi. Ba ya sayen abu mai tsada, amma yakan buɗe aljihu sau goma a yini: koko da safe, ruwan leda, fura a rugar Fulani, cukun wagashi, sakwara da yamma, sabulu, ladan cajin waya, sadaka a masallacin da ya kwana. Duk waɗannan tsakanin sefa 25 ne zuwa 500, kuma ƙarancin canji a ƙauyukan Benin ya fi abin da muka sani a gida. Takardar 10,000 a ƙauye kamar sa ne a hannun mai neman cefanen dare, ga dukiya amma ba ta ciyuwa. Saboda haka nakan nemi mafi yawan kuɗin a takardun 500 da 1,000, kaɗan a 2,000, da tsabar ƙarfe ta 100 da 50 da 25 cike da ƙaramar jaka. Mai canji zai yi ƙorafi, wataƙila ma ya rage maka ɗan farashi, kuma gara ka yarda da ragin.

Rabon shi ne rabin aikin. Nakan ƙulla kuɗin kowane mako a ledarsa daban, domin gumi da ruwan sama suna lalata takarda, ita kuma takardar da ta yage ko ta sha salatif mata a kasuwa ba sa karɓa. Ƙullin makonnin gaba yana cikin lalita a ƙugu, ba a taɓa shi a gaban kowa. Kowace asuba, kafin a fito daga masauki, nakan zaro na ranar in sa a aljihun gaba, kuma idan ya ƙare da la'asar to ya ƙare. A tafiyata ta biyu na yanka wa kaina jika uku, wato sefa 3,000, a rana, ranar Juma'a da ranar kasuwa jika huɗu, ya kuwa ishe ni, domin ayari yana haɗa tukunyar dare a hannun madugu, kowa yana zuba nasa a farkon mako. Akwai ƙulli biyu da ba sa cikin wannan lissafi: na tukuicin masu masauki, wanda bai kamata a ji nauyin bayar da shi ba tunda ba a biyan kuɗin ɗaki a zango, da kuma na rashin lafiya da kuɗin mota idan ƙafa ta ƙi, wanda nake ɗinkewa a cikin rigar da ba na wankewa a rafi.

Tunda na ambaci jika, dole a yi maganar ƙidaya, domin a nan ake fara yi wa ɗan Nijeriya wayo ba tare da an yi masa ƙarya ba. Hausawa da Dandawan can da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari 500, jika ɗaya 1,000. Mu kuwa a gida idan an ce jaka, naira 200 ake nufi. Na ga wani yaro daga cikinmu an ce masa kwanon shinkafa ɗari ne, ya miƙa sefa 100, aka yi masa dariya, sannan washegari aka ce masa abu hamsin, ya rasa ko 50 ake nufi ko 250, ya buɗe tafin hannu ya ce a ɗauka. An kuwa ɗauka. Kafin a miƙa kuɗi a tambaya a fili, dala ko sefa.

Babbar illar tsabar kuɗi ita ce jabu, kuma a nan aka ƙone ni. A tafiyar farko na yi canji da magariba a wani garin kan iyaka, a hannun wani da ya tare ni da fara'a yana kirana Alhaji, ya ba ni farashin da ya fi na sauran. Sai bayan kwana biyar, da na miƙa wa wata mai abinci takardar 10,000, ta murza ta, ta ɗaga ta sama, ta ce, "Baba, wannan ba ta ci, wa ya ba ka?" Da na koma masauki na warware ƙullin, uku ne irinta a ciki, an jera su a tsakiyar na gaske. Jika talatin, abincin kwana goma, kuma da matar ta so kira mini jama'a, ni za a kama da laifin yawo da jabu a ƙasar da ban iya Faransanci ba. Tun daga ranar ba na canji idan rana ta faɗi, ba na canji a hannun mai yawo, sai mai rumfar da zan iya dawowa in same shi, kuma duk farashin da ya zarce na kasuwa ina ɗaukarsa tarko. Masu buga jabu sun fi damuwa da 5,000 da 10,000, wanda wannan ma wani dalili ne na riƙe ƙananan takardu.

Ga abin da ake dubawa. Takardun babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, wato BCEAO, duk suna ɗauke da tambarin kifi mai baki kamar zarto, kuma idan aka ɗaga takardar a haske za a ga hotonsa a ɓoye cikin jikinta. A kan 5,000 da 10,000 akwai zare mai faɗi mai ƙyalli da yake sauya launi idan an karkata shi, na jabu kuwa yakan zama kamar an manna ledar alawa. Wanda bai yi boko ba ya riƙe dabbobin da ke baya: dorina a 500, raƙuma a 1,000, kifaye a 2,000, mariya a 5,000, tsuntsaye a 10,000. Wannan yana kare mutum daga wata cuta ta daban, wato a cusa masa sefar Kamaru da Chadi, ta bankin BEAC, wadda kuɗi ce ta gaske kuma darajarta ɗaya a hukumance, amma ba mai karɓarta a kasuwar Nikki, sai an koma wa mai canji ya yanki rabonsa. Haka nan har yanzu ana iya samun tsofaffin takardun da aka daina amfani da su tun 2004 a cikin ƙullin da aka ba baƙo.

Akwai kuma masu cewa kuɗinka na wata ƙasa ne. Kowace takarda tana da harafi a ƙarshen lambarta da yake nuna ƙasar da aka fitar da ita: B na Benin, H na Nijar, T na Togo, da sauransu. Wani zai duba ya ce maka mai H ba ta aiki a Benin, ya kawo ya canza maka da ragi. Ƙarya ce, takarda ɗaya ce a dukan ƙasashe takwas na BCEAO. Sai masu saurin hannu, waɗanda suke ninke takarda biyu su ƙirga ta sau biyu, ko su karɓi ƙullin bayan ka gama ƙirgawa da sunan za su ɗaure maka da roba. Idan kuɗi ya koma hannunsa ko da na ƙiftawar ido ne, a sake ƙirgawa daga farko, kuma a sa abokin tafiya ya tsaya yana kallon hannun mai canji kawai. Mai asusun waya shi ma bai tsira ba, domin akan turo saƙon bogi mai kama da na kamfani, sannan a kira a ce an yi kuskuren turo maka kuɗi, ka taimaka ka mayar. A duba abin da yake cikin asusun kafin a amsa wa kowa, kuma kada a karanta wa mai rumfa lambar sirri da baki.

Tsabar 250 halastacciya ce, amma masu sayarwa da yawa suna ƙin ta, haka ma ƙarfen da ya goge har rubutunsa ya ɓace, don haka a mayar da su nan take idan an bayar a canji. A makon ƙarshe kuma a fara kashe tsabar ƙarfe kafin takardu, domin masu canjin bakin iyaka ba sa son saye, kuma har yau akwai kwano guda na 'yan 25 da 50 a ɗakina a Birnin Kebbi da na dawo da su daga tafiyar farko.