Agogon auna karkatar harsashi: yana nuna inda aikin ya goce

Ma'aunin da nake amfani da shi wajen duba miƙewar harsasan da nake sake ɗurawa da kaina ba shi da wani tarkace: faranti ne na ƙarfe mai nauyi, da ƙananan ƙwallaye huɗu da kwanson harsashi ke kwanciya a kansu, sai agogo mai allura wanda kowane layinsa inci 0.001 ne. Ka kwantar da harsashin da ka ɗura, ka ɗora bakin agogon a kan lanƙwasar kan harsashin, ka juya shi da yatsa a hankali. Iyakar rawar da allura ta yi, ita ce karkatar. A lura dai, abin da agogon ya nuna ninki biyu ne na ainihin gocewar daga tsakiya. In ta yi rawar 0.004, gocewar 0.002 ce.

Juyawar tana son hannu. Ka danna da ƙarfi, allura ta yi tsalle. Ka sassauta, kwanson ya zame baya. Da sun sa masa ƴar taya ta roba mai juyawa kamar yadda wasu ma'aunan ke da ita, da na fi jin daɗinsa.

Inda ya biya kuɗinsa a wurina shi ne bin sawun matsala. Kwanson da aka harba yakan fito kusan a miƙe, domin ya ɗauki siffar cikin bindiga. Sai na auna wuyansa a lokacin, na sake aunawa bayan na matse shi ya koma girmansa, sannan bayan na zaunar da kan harsashi. Nan na kama ɓarawon: ɗan ƙwallon da ke cikin kayan matse kwanso, wanda ke buɗe wuya yayin da ake zaro kwanson, shi ke jan wuyan gefe guda, musamman in cikin wuyan a bushe yake ba maiƙo. Da na koma matse wuya da wani kayan matsi mai suna Lee Collet, wanda ke matse tagullar wuyan a jikin sanda, allura ta natsu ƙasa da 0.002. Waɗanda suka ƙi miƙewa kuwa, kaurin wuyansu ne bai daidaita ba tun asali, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Wannan agogo ba ya gyara shi, sai dai a fere wuyan ko a ware kwanson.

Akwai ma'auni irin na kamfanin Hornady da ke riƙe harsashi ta gindi da tsini, har da ƴar ƙusa ta tura kan ya miƙe. Lissafinsa daban yake fitowa, don haka kada a gwama lambobin ma'aunan biyu.

Shin miƙewar tana ƙara saiti? A yadi 100, da bindigata ta farauta, ban ga bambanci tsakanin 0.001 da 0.003 ba, iska da rawar hannuna sun fi wannan ɓarna. Masu 0.005 zuwa sama nake warewa don gwaji. Mai harbin gasa na nesa ya saya. Mai farauta kuwa, ya ara ya duba kayan ɗurinsa ya mayar.