'Yar rigar iska ta gwanjo: hunturu guda da na yi da ita a kan keke a Ngaundere

Ni mai kai burodi ne a Ngaundere. Da an idar da sallar asuba nake ɗaure kwanduna biyu a bayan keke, in bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya, daga Sabongari zuwa bakin tashar jirgin ƙasa, sannan in miƙe hanyar Garwa har Dang inda jami'a take, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. Shekara shida ke nan ina wannan zirga-zirgar. Hunturun da ya wuce na sauya kayan da nake sawa, kuma tunda abokan sana'a sun dame ni da tambaya a kan 'yar shara-sharar rigar da suke gani a jikina, na ga gara in faɗi abin da na gani a cikinta, mai daɗi da mara daɗi.

Wanda bai san garin nan ba yakan ɗauka duk arewacin Kamaru zafi ne. Wannan labarin Garwa ne, can ƙasa a kwarin Binuwai. Mu muna bisa tudun Adamawa, wanda tsayinsa ya fi mita 1,000 sama da matakin teku, kuma a Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka kafin fitowar rana, sa'an nan azahar na yi ya doshi 30. Iskar daga arewa maso gabas take tasowa, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Hanyar Dang kuwa arewa ta nufa. Wato ni da jaura gaba da gaba muke haɗuwa kowace safiya.

Da can, kamar kowa, jibgar kaya nake yi. Singiletin auduga, riga a kai, suwaita a kan rigar, sannan wata ƙatuwar jaket mai soso da ta kai min cinya. In na fito daga gida sai in ji ni ɗumi-ɗumi, in ce yau na gama da sanyi. Matsalar tana farawa ne a gidan burodi. Tanda na huci, ina lodi, kafin in ɗaure igiya ta ƙarshe bayana ya fara tsatsafo gumi. In hau keke da nauyin burodi, in haɗu da tudu, sai singiletin ya jiƙe sharkaf. Daga nan duk inda na tsaya ƙirga wa mai shayi kayansa, ko na sako gangara ina hutar da ƙafa, sai in ji kamar an manna min jiƙaƙƙen tsumma a gadon baya. Haƙorana har haɗuwa suke yi, alhali kuwa ina cikin rigar da ta fi ta kowa kauri a layin. Hunturun bara waccan na yi kwana 9 a kwance da mura da ciwon ƙirji. Ba zan ɗora wa jaket ɗin laifi ita kaɗai ba, ƙura ma ta taka tata rawar, amma kwanakin nan da na yi ban fita ba sun sa na zauna na yi tunani.

Farkon Nuwamba na je wajen wani dattijo mai sayar da gwanjo kusa da ƙaramar kasuwa, da niyyar in sayi wadda ta fi tsohuwar kauri. Ya buɗe dila ke nan, ina ta tono manya-manya ina ajiyewa gefe. Ya dube ni ya ce, "Malam, babur kake hawa ko keke?" Na ce keke. Ya ce, "To ajiye waɗannan, na masu babur ne. Mai babur zaune yake, iska na dukansa, jikinsa ba ya aikin komai, dole ya nemi bargo. Kai kuwa murhunka na cikin jikinka. Abin da kake nema shi ne wanda zai tare maka iska, ya bar hayaƙin ya fita." Ya jawo wata 'yar riga ruwan ɗorawa, ya dunƙule ta a tafin hannu ɗaya ya miƙo min. Na ce, "Alhaji, wannan ai leda ce." Ya ce in je in gwada kwana uku, in ba ta yi ba in dawo da ita in karɓi kuɗina. Sefa 3,500 na biya. Ya haɗa min da wata riga mai dogon hannu mai kama jiki, irin ta 'yan ƙwallo, a kan 1,500.

Sai da na zo gida na lura da ɗinkinta. Bayanta ya fi gabanta tsawo, saboda in mutum ya sunkuya a kan keke ƙugunsa bai buɗe ba, gaban kuma bai tattare masa a cinya ba. Bakin hannun da roba, iska ba ta samun hanyar kurɗawa. A ƙarƙashin hammata da tsakanin kafaɗu akwai raga-raga inda zafi ke fita. Wuyanta dogo ne, in an ja zik har sama yana taɓa haɓa. Sannan ga wani siririn zare mai ƙyalli a baya da kafaɗu. Wanda ya ɗinka rigar nan ya san keke, ko shakka babu.

Ranar farko saura kaɗan in koma gida. Na sa mai kama jikin, na ɗora wata siririyar suwaitar ulu, na rufe da rigar iskar. Ina fitowa ƙofar gida sanyi ya ratsa ni, uwargida har tana cewa, "Haba maigida, haka za ka fita? Ɗauki babbar mana." Na daure. Minti goma na farko na sha wuya, ba ƙarya. Amma kafin in kai bakin tasha jikina ya ɗauki ɗumi, wani irin ɗumi busasshe da ban saba ji a kan keke ba. Da na fara hawan tudu na sauke zik zuwa ƙirji, iska ta shiga ta kwashe zafin. Da na kai kan gangara na ja shi har wuya. Na isa Dang, na sa hannu ta ƙarƙashin riga na shafa bayana, ɗan damshi ne kawai. Tun daga ranar na gane cewa in na fito daga gida ina jin ɗumi sosai, to na sa kaya sun yi yawa. Daidai shi ne in fito ina ɗan jin sanyi, feda ta cika sauran.

Gaskiya rabin yabon na rigar ciki ne, ba na ta wajen ba. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kamar soso. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da yadda iska ke yi, ninki fiye da 20. Yadin roba irin na 'yan ƙwallo ba ya riƙe ruwa, yana tura shi waje ya bushe, ulu kuma ko ya ɗan jiƙe ba ya sakin ɗuminsa gaba ɗaya. Abin ya ɗan sosa min rai, don mu nan arewa auduga tamu ce, daga Garwa har Marwa gonakinta ne, kuma a watan Maris ko Afrilu babu abin da ya kai rigar auduga daɗi a jiki. Amma da asubahin Janairu a kan keke, ba ita ya kamata ta fara taɓa fata ba. Aibin rigar robar shi ne wari. Kwana ɗaya aka yi ba a wanke ba, kai da kanka za ka ji. Sauƙin abin, a busasshiyar iskar hunturu in an shanya ta da azahar, kafin la'asar ta bushe ƙarau. Takan kuma yi ɗan tartsatsi a jiki in ana cire ta da dare, wannan bai dame ni ba.

Ita rigar iskar fa ba ta da ɗumin kanta ko kaɗan. In na tsaya wuri ɗaya fiye da minti biyar, ina jiran mai shayi ya haɗa canji, sanyi yakan fara shigowa. Wannan ne ya jawo min asarar da ta fi ba ni haushi. Wata safiya cikin Disamba na matsa kusa da murhun wani mai shayi ina ɗumama hannu, yaronsa na fifita gawayi. Ƙwayar wuta ɗaya tak ta tashi ta sauka a hannun rigar. Ban ma ji ba, sai ƙaurin roba. Na duba, ga rami kamar girman kwabo, gefensa ya narke ya ƙandare. Da auduga ce, da ɗan baƙi kawai za ta yi. Yadin roba narkewa yake, kuma in ya narke a kan fata mannewa yake yi. Duk wanda aikinsa ke kai shi bakin tanda ko murhu, ya riƙe wannan da kyau. Yanzu a gidan burodi cire ta nake in cusa a aljihu, sai na gama lodi na fito waje in mayar.

Zik ɗin ma ya ba ni matsala a mako na bakwai. Ƙura ta cika haƙoransa, ya fara cijewa, wata rana ya buɗe ta ƙasa ina tsakiyar hanya. Wani tsohon tela a unguwarmu ya matse kan da filaya, ya goga masa kyandir, ya ce min, "Ɗana, kana wanke riga kana mantawa da zik, shi ma yana son buroshi." Sefa 200 ya karɓa, shi ne kuma ya yi min faci a wajen ƙunar. Tun daga nan zik ɗin bai sake ba ni matsala ba. Akwai hula a jikin rigar, ita kam ban ga amfaninta ba. In na sa, iska na hura ta tana kaɗawa a kunne, ba na jin motar da ke bayana, in na waiga kuma sai ta rufe min ido ɗaya. Na naɗe ta cikin wuyan rigar na bar ta can.

Maganar mota ta kawo ni kan abin da ban saya rigar dominsa ba, amma yanzu shi na fi gode wa. Tun 1974 da layin dogo ya iso Ngaundere, nan ne ƙarshensa, nan ake sauke kaya a loda wa manyan motoci masu zuwa Garwa, Marwa, Kusseri har Njamena. Hanyar da nake bi ita suke bi, da yawansu kuma da duku-duku suke tashi. Cikin hazo, mai baƙar jaket a kan keke inuwa ce kawai. Wani direban tirela da muke haɗuwa wajen shan shayi ya ce min yanzu tun daga nesa yake hango ƙyallin bayana in fitilarsa ta haska. Da a ce launi biyu aka ajiye min, baƙa mai kyau da ruwan ɗorawa mai tabo, mai tabon zan ɗauka.

Riga kaɗai ba ta raba mutum da ɗari. Yatsu ne suka fi shan wahala, don su ne a gaba, a kan ƙarfe, ba sa motsi. Na fara da safar hannu saƙaƙƙiya ta sefa 500, iska ta ratsa ta kamar rariya, har wata rana na kasa matse burki yadda ya kamata saboda yatsuna sun sandare. Na koma kan siririya ta fata, wadda ke tare iska kuma ba ta hana ni riƙe burki, sai dai dole in cire in zan ƙirga kuɗi. Kunne da hanci kuwa, na daɗe ina naɗa rawani, kuma har yanzu ina ganin babu abin da ya kai shi tare ƙura. Amma jelarsa takan kwance, kuma ƙyalle mai lilo kusa da taya ba abin wasa ba ne. Yanzu hular sanyi nake sawa mai rufe kunne, da ɗan ƙyalle zagayayye da ake zurawa a wuya a ja shi har kan hanci. Kafin in kai Dang wajen hancin ya yi ja da ƙura, abin da da a ƙirjina zai sauka. Ƙafar wando ta dama ina cusa ta cikin safa saboda sarƙa. Silifa na bar shi sai da rana, takalmi rufaffe nake sawa, da dare kuma in shafa man kaɗanya a dunduniya da leɓe saboda faso.

Misalin ƙarfe tara, in rana ta ɗaga, sai in cire rigar in dunƙule ta a aljihun wando, suwaitar in jefa ta cikin kwandon da ya zama fanko. Tsohuwar jaket ɗin a da sai dai in ɗaure ta a kariya, tana cin wurin burodi tana shan ƙura.

Mai babur kada ya sayi 'yar rigar iskar nan, za ta ci amanarsa. Mai gadin dare ma haka, da duk wanda zama yake yi cikin sanyi. Amma masu kai burodi, masu kawo madara da itace daga ƙauyukan kewaye, ɗaliban da ke taka keke zuwa Dang, su duba a dilar gwanjo, ana samu. A ɗaga ta a rana a ga ko akwai huji, a ja zik sama da ƙasa sau uku, a sa baki a hura yadin: in iska ta fita ta ɗaya gefen cikin sauƙi, ba ita ba ce. A kuma ɗauki wadda ta ɗan fi jiki kaɗan, yadda suwaita za ta shiga ƙarƙashi, amma ba mai faɗin da za ta riƙa kumbura da iska tana ja da mutum baya ba.

Hunturun nan ban kwanta ko kwana ɗaya ba, sai 'yar mura ta kwana biyu a Fabrairu. Tsohuwar jaket ɗin na ba maƙwabcina mai babur, yana ta sa min albarka. Na wanke 'yar rigar na adana ta da facinta, na kuma koma wajen Alhaji na ce in ya buɗe sabuwar dila ya ajiye min wata mai haske, wadda ta ɗan fi tawa girma, saboda ƙanena zai fara bin hanyar Dang tare da ni in Allah Ya kai mu Nuwamba.