Bawul ɗin zuciya na yoyo: gyara, na ƙarfe ko na nama?

In likita yace maka bawul ɗin awota (ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiyar jiki) na yoyo, ma'ana baya rufewa da kyau, jinin da zuciya ta tura waje sai wani ya dawo mata, ita kuma tayi ta buɗewa tana ƙara girma a hankali, shi yasa mutum zai yi shekaru baya jin komai sai ranar da haki ya fara. Da eko, wato hoton zuciya, ake ganewa, wani lokacin har a zura na'urar ta maƙogwaro. Ana maganar tiyata ne in yoyon yayi tsanani kuma ga haki ko ciwon ƙirji, ko kason jinin da zuciya ke turawa waje a kowane bugu ya sauka zuwa kashi 50 ko 55 cikin ɗari.

Toh nan zaɓin yake. In naka zai gyaru a gyara, nidai shi nake fara tambaya, don ba maganin tsinka jini na har abada, amma bawul ɗin da ciwon rumatik ya cinye da wuya ya gyaru kuma ba kowane likitan tiyata ne ya ƙware a kai ba.

In bai gyaru ba sai a canza shi. Na ƙarfe yana da ƙarko sosai, zai iya kaika ƙarshen rayuwa, sai dai fa shan warfarin, maganin tsinka jini, kullum ba fashi, da gwajin INR (awon tsinkewar jini) akai akai a riƙe shi tsakanin 2 da 3, in yayi ƙasa jini ya daskare in yayi sama kayi ta zubar jini, ga ƙas ƙas ɗinsa da wasu ke ji cikin dare. Mace mai son haihuwa ta tsaya tayi tunani sosai, warfarin na iya cutar da ɗan tayi. Wanda yasan bazai iya zuwa gwaji ba gaskiya kar ya ɗauka.

Na nama daga saniya ko alade ake yinsa, ba wahalar warfarin na dindindin amma shekara 10 zuwa 20 ya gaji, a jikin matashi ma yafi saurin lalacewa. Shi yasa ƙasa da shekara 50 akan karkata ga na ƙarfe, sama da 65 na nama.

Akwai aikin Ross tun 1967, a ɗauko naka bawul ɗin zuciya da jini ke bi zuwa huhu a maida gurbin na awota, matasa yafi dacewa dasu. TAVI kuwa, wato sabon bawul da ake zurawa ta jijiyar cinya, don bawul mai tsukewa aka ƙirƙiro shi, yana buƙatar ƙanƙarar kalsiyam ya kama, a mai yoyo zalla sau da yawa baya samun wurin riƙewa.