Baldur's Gate 3: Daɗinsa Yana Wajen Gina Jarumi

Makonni uku na shafe ina buga wasan Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023, a kwamfutar ƙanena da ke Gwarimpa. Faɗan bi da bi ake yinsa, saboda haka mai gaggawa zai gaji da wuri.

Rukunin jarumai 12 ne, matakin ƙarshe ma 12, shi ya sa kowace fasaha sai an yi mata lissafi. Na haɗa rukuni biyu, Paladin (mayaƙi mai rantsuwa) da Warlock (mai tsafi), a jarumi ɗaya, na ga takobina yana cin abokan gaba yadda ban zata ba, kuma da na yi kuskure a zaɓi, zinare 100 kacal na cikin wasan Withers, wani taliki da ke taimaka wa ɗan wasa, ya karɓa ya sake mini zubi.

Gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙirƙira suna da amfani, sai dai wasunsu suna sauƙaƙa faɗan har ya rasa armashi.