Hawan Kilimanjaro ta hanyar Machame a kwana 7: inda kamfanin jagora ya burge da inda ya gaza

Mu huɗu muka hau Kilimanjaro ta hanyar Machame, a hannun wani matsakaicin kamfanin jagora na garin Moshi da ke gindin dutsen a Tanzaniya, a tsarin kwana 7. Aikin ya ci kuɗinsa. Ƙarin kwana ɗaya da wasu ke ganin asara ce, su zaɓi tsarin kwana 6, a wurina shi ne abu mafi daraja da muka saya. Akwai kuma wurare uku da kamfanin ya gaza.

Hukumar gandun dajin Kilimanjaro ba ta barin kowa ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba, don haka zaɓin kamfani shi ne rabin tafiyar. Kafin farashi mai rahusa ya ruɗe ka, yi wannan lissafin. A lokacin da muka je, kuɗin shiga dala 70 ne kowace rana, kuɗin kafa tanti dala 50 kowane dare, kuɗin ceto dala 20, sannan haraji kashi 18 cikin 100 a kai. Kwana 7 da dare 6 sun haura dala 950 ga mutum ɗaya, tun ba a sayi ko buhun shinkafa ba. Duk kamfanin da farashinsa ya ɗara wannan da kaɗan, to daga albashin 'yan dako da abincinsu yake cire ribarsa. Araha ba ta ado, a kan dutse kuwa tana iya cin rai.

Ana farawa daga ƙofar Machame, wajen mita 1,800, a ratsa kurmi mai taɓo da santsi zuwa zangon farko a kusan mita 3,000. Washegari a kwana a Shira, wajen mita 3,800. Rana ta uku ce ginshiƙin tsarin: a hau Lava Tower, mita 4,600, a ci abincin rana a can, a gangaro Barranco a kwana a ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗani ƙarancin iska da rana, ya huta a ƙasa da dare, haka yake sabawa. Yawancin mutane a ranar suke fara jin ciwon kai, kuma jagoranmu bai bari an gaggauta ba. Shi yake shiga gaba, ba mai wuce shi, yana ta maimaita "pole pole", wato sannu sannu da Swahili. Takun da yake yi a ranar farko har kunya yake ba mai ƙarfi, amma shi ne takun da ake iya riƙewa a mita 5,000.

Katangar Barranco, bangon dutsen da ake hawa bayan an bar zangon, ta fi ban tsoro a hoto. Tsayinta wajen mita 250 ne, ba a buƙatar igiya, sai dai a ɗaure sandunan dogarawa a jaka domin hannu biyu ake sawa a kama dutse. Matsalarta cunkoso ne, 'yan dako da kaya a ka suna neman wucewa ta siririyar hanya.

Daga nan ne tsarin biyu suke rabuwa. Mai kwana 6 yana hawa katangar, ya wuce zangon Karanga, ya isa Barafu, zango na ƙarshe kafin ƙololuwa, a mita 4,670 da yamma a gajiye, ya ci abinci, a tashe shi ƙarfe 11 na dare don hawan ƙololuwa. Mai kwana 7 yana kwana a Karanga, wajen mita 4,000, ya isa Barafu da azahar, ya samu awanni na kwanciya. Ƙarin dare ɗaya a wannan tsayi yana ba jiki lokacin daidaita numfashi, kuma ƙafa tana shiga dare mafi wuya da sauran ƙarfi.

Inda kamfanin ya fi burge ni shi ne duba lafiya. Safe da yamma ana maƙala wa kowa 'yar na'ura a yatsa a auna oksijin da bugun zuciya, a rubuta a littafi. Jagoran bai dogara da lambar kaɗai ba, domin yatsa mai sanyi yana ba da lamba ta ƙarya. Yana tambaya ko ka ci abinci, ko ka yi barci, ko maganin ciwon kai ya yi aiki, kuma idan ya yi shakka sai ya sa mutum ya yi tafiya a kan layi, diddige na taɓa yatsu. Tangaɗi da ruɗewa alamar kumburin ƙwaƙwalwa ne. Haki ko ana zaune, da tari mai jiƙa, alamar ruwa a huhu ne. Dukansu maganinsu sauka nan take, ko da tsakar dare. Tukunyar oksijin da suke ɗauke da ita ta saukar da marar lafiya ce, kuma sun faɗa mana tun a Moshi cewa ba za su sa wa kowa ita don ya ci gaba da hawa ba. Haka ya kamata.

Abu ɗaya da ba su tambaye mu ba, kuma ya shafi mutanenmu ƙwarai, shi ne sikila. A ƙololuwa, iskar da ake shaƙa tana ɗauke da kusan rabin oksijin ɗin da ake samu a bakin teku. Mai SS bai kamata ya je ba sam. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, jini na iya toshewa a saifarsa a wuri mai tsayi, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Ka san rukuninka, ka ga likita kafin ka biya kuɗi. A wurinsa kuma za ka tambayi maganin Diamox, mai taimaka wa jiki sabawa da ƙarancin iska, wanda aka saba sha miligiram 125 sau biyu a rana. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu.

Gazawa ta farko jakar barcin haya ce. An rubuta mata lambar sanyi mai kyau, amma ta tsufa, abin da aka cusa mata ya kwanta, daga Shira zuwa sama sai da kaya a jiki ake iya barci a cikinta. Jakunkunan nan lamba fiye da ɗaya ake rubuta musu, ta jin daɗi da ta tsira da rai, kuma ta jin daɗin za ka duba, ta kai digiri 10 ƙasa da sifili. A Moshi ka warware ta, ka ɗaga ta ga haske, ka ja zif ɗin daga sama har ƙasa. Idan haske na ratsa wasu wurare, a canza maka. Katifar ƙasa ma haka, domin ƙasa ta fi iska tsotse ɗumin jiki.

Ta biyu ruwa ne a Barafu. Babu ruwa a zangon, daga kwarin Karanga 'yan dako suke ɗauko shi a ka, kuma namu bai wadata ba. Mutum na buƙatar lita 3 zuwa 4 a rana, mun samu ƙasa da haka a daren da muka fi buƙata. Tambayi kamfani tun farko mutum nawa ya ware wa ɗibar ruwa. Ka zo da gorarka mai ƙarfi, domin ba a shiga da robar ruwan sayarwa. Alwala a nan da ruwan ɗumin wanke hannu da ake kawowa safe da yamma ake yinta, idan ya ƙare taimama ta wadatar. Maganar naman alade kuwa, a rubuce za ka sanar, saboda tsiran karin kumallo.

Ta uku tukuici ne. Ba su rubuta mana adadi ba sai daren ƙarshe, kuma an so mu damƙa wa mutum ɗaya ya raba. Ka nemi jerin sunayen ma'aikata a ranar farko, ka ƙirga su a zango, ka ba kowa nasa a hannunsa a gaban jama'a. Ƙa'ida kilo 20 ne kayan ɗan dako, ana aunawa a ƙofa, jakarka kada ta wuce kilo 15. Ƙungiyar KPAP tana bibiyar yadda kamfanoni ke riƙe 'yan dako, kuma tana da jerin waɗanda ke aiki da ita.

Daren ƙololuwa ana tashi wajen tsakar dare, a hau mita 1,200 cikin awa 6 zuwa 8. Bututun jakar ruwa yana daskarewa tun kafin asuba, don haka gora ta fi, a cika ta da ruwan zafi, a sa ta cikin safa, a kifa ta, domin daga sama ƙanƙara ke fara kamawa. Sabon batir a tocilar goshi, na ajiya da waya a aljihun ciki kusa da jiki. Safar hannu biyu, siririya a ciki da mai kauri a waje. Hutu kada ya wuce minti 5, in ya wuce sanyi ya shiga ƙashi. A Stella Point, mita 5,756, hawan mai wuya ya ƙare, saura kusan awa ɗaya a gefen bakin ramin da ke saman dutsen zuwa Uhuru, ƙololuwar, mita 5,895.

Saukowa ce ke cin farce. A rana guda ana gangarowa daga ƙololuwa zuwa zangon Mweka, wajen mita 3,100, farkonta a kan tsakuwa mai zamewa. A yanke farce kafin tafiya, takalmi ya ɗara ƙafa da rabin lamba, a ƙara ɗaure igiyarsa a idon sawu kafin a fara gangara.

Lokacin da ya fi dacewa da hawan shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance, don haka a fara da kamar wata biyu, kuma a riƙe katin rigakafin cutar shawara a jakar hannu.